Daga ina zan fara sauraron waƙoƙin Leontyne Price?

Ka ce faifan Leontyne Price, mawaƙiyar opera (wasan kwaikwayo na Turawa da ake rerawa da waƙa), sun yi maka yawa, ka rasa wanda za ka fara da shi. Shawarata ita ce ka fara da Aida, opera ta mai tsara kiɗa Verdi, wadda Leontyne ta ɗauka tare da mawaƙi Jon Vickers ƙarƙashin jagorancin madugun makaɗa Georg Solti, aka fitar a 1962. Ka natsu a kan waƙar "O patria mia" da ke cikinta, inda muryarta ke hawa can sama siririya ba tare da rawa ba, kamar zaren da ake ja a hankali. Ni dai har yau tsigar jikina tana tashi a wurin. Bayan nan sai wata opera, Tosca, da ta yi da madugun makaɗa Herbert von Karajan.

Mutane kan ruɗe a wuri biyu. Ta sake ɗaukar Aida a 1970 tare da mawaƙi Plácido Domingo, kuma a lokacin muryarta ta ƙara kauri, don haka ka duba shekarar kafin ka saya. Sannan kada ka haɗa ta da Margaret Price, mawaƙiyar Birtaniya. Leontyne haifaffiyar Mississippi ce a Amurka.

Idan tsohon faifan garmaho kake nema, ka tafi da wanda ya san harkar ya duba maka lafiyarsa kafin ka biya.