Tsohon littafin da za a fara da shi

'Yar'uwa, kin tambayi tsohon littafin Hausa da za ki fara da shi, tunda labaran soyayya na waya sun gundure ki. Ki nemi Ruwan Bagaja na Abubakar Imam. Ɗan siriri ne, kuma yadda Alhaji Imam da Malam Zurƙe ke yi wa juna ƙeta sai ya sa ki dariya ke kaɗai.

Ni Magana Jari Ce ta fi min daɗi, amma littafi uku ce, ki bar ta sai kin saba. Sai dai ki sani don gasar rubuta littattafan Hausa ta 1933 aka rubuta Ruwan Bagaja, Hausarsa ta da ce. In kalma ta shige miki duhu, ki ja mata layi ki wuce, daga baya ki tambayi wani dattijo.