Anti, a gida sun ɗauka kuɗi nake shara a Ingila

Assalamu alaikum Anti, dan Allah ki ɓoye sunana. Ni ɗalibi ne a Ingila, mastas nake yi na shekara ɗaya, na shigo watan Satumba. Babanmu fili ya sayar ya biya rabin kuɗin makaranta da niyyar zai cika sauran kafin wa'adi, to sai kasuwa ta juya masa baya, ga kuɗinmu kullum faɗuwa yake a gaban fam, yanzu haka fam 4,000 makaranta ke bina kuma sun turo min imel har sau biyu.

Ina aiki a wani sito, dare biyu a sati, awa goma goma. A tsaye nake kwana ina cusa kaya a kwali, yatsuna duk sun tsage saboda sanyi, in na tashi da safe bas nake hawa kai tsaye zuwa lakca, ranar nan barci ya kwashe ni har bas ya kai ƙarshen layi direba ne ya tashe ni. Ɗaki kaɗai fam 560 nake biya a wata. A haka kuma duk wata sai na tura wa Mama fam 100 don kar hankalinta ya tashi, ƙannena da abokai kuwa tunda suka ga hotona cikin dusar ƙanƙara shikenan, kowa da tasa buƙatar. Wallahi ban taɓa gaya wa kowa halin da nake ciki ba. Ga shi na faɗi kwas ɗaya.

Wani abokina ya samo min wanke-wanke a gidan abinci, fam 7 a awa, kuɗi a hannu babu takarda, ko kuma ya ba ni hayar asusunsa na manhajar kai abinci in riƙa kai abinci a keke. Ya ce kowa haka yake yi. Anti in karɓa ne? Na rasa inda zan sa kaina.

Ɗanki a Ingila

Wa alaikumus salam ɗana. Wasiƙarka ta taɓa min zuciya, musamman wurin direban nan da ya tashe ka. Amma amsata kan tayin abokinka ita ce a'a, duka biyun kar ka karɓa.

Bizar ɗalibi mai digiri a Ingila awa 20 ta ba ka a sati lokacin karatu, kuma ka riga ka cinye su a sito. Satin nasu daga Litinin ne zuwa Lahadi, ba a yin 30 wannan satin a yi 10 na gaba a ce an daidaita, kuma ko wuri uku kake aiki haɗa awoyin ake yi. Kai abinci a keke ma ya fi muni, domin masu yi wa Deliveroo da Uber Eats ana lissafa su ne a masu aikin kansu, bizarka kuwa ta hana ka aikin kanka ko na minti ɗaya ne, balle kuma da sunan wani. Ƙetare wannan sharaɗi laifi ne a dokarsu, ana soke biza a kansa, kuma tabon yana bin mutum duk sanda ya sake neman wata. Filin Baba fa aka sayar. A kan fam 7 za ka ɗora shi?

Kuma ka dubi fam 7 ɗin da kyau. A Afrilun 2025 an mayar da mafi ƙarancin albashi ga mai shekara 21 zuwa sama fam 12.21 a awa. Mai gidan abincin ya san haka sarai, ya kuma san ranar da ya hana ka kuɗinka ko mai ya ƙona maka hannu ba ka da bakin kai ƙara, shi ya sa yake neman irinku. "Kowa haka yake yi" ɗin nan na sha jinta, waɗanda aka kama dai ba sa dawowa su ba da labari.

Yanzu mu yi lissafi. Awa 20 a kan wancan albashin kusan fam 244 ne a sati, fam dubu da ɗan ɗoriya a wata. Cire haya, cire bas, cire abinci. Wannan aikin an yi shi ne don ya riƙe cikin ɗalibi, ba zai biya kuɗin makaranta ba balle ya riƙe dangi, kuma ba Ingila kaɗai ba ce: Kanada awa 24 take bari a wajen makaranta, Ostireliya 48 a sati biyu, Jamus cikakkun kwanaki 140 a shekara, Amurka kuwa shekarar farko a cikin makaranta kawai ake aikin. Ko'ina ka je karatun ne a gaba.

Abin da ya fi damuna imel biyun nan ne da ka yi shiru a kansu. Makaranta ita ta tsaya maka aka ba ka biza, in ta cire ka saboda bashi ko rashin zuwa aji dole ta sanar da hukumar shige da fice, daga nan yawanci kwana 60 ake ba mutum ya tattara. Gobe goben nan ka je ofishin kuɗi da ƙafarka, ka ce ga abin da ya faru, ga abin da zan iya biya duk wata, a raba min. Wanda ya zo da kansa kafin wa'adi ba ɗaya yake da wanda aka yi ta nema ba. Daga nan ka wuce wurin masu ba da shawara na ƙungiyar ɗalibai, kyauta ne, ka tambayi asusun tallafin masu matsi ko yana karɓar ɗaliban waje, ka kuma tambayi yadda ake shigar da uzuri kan kwas ɗin da ka faɗi. Akwai kuma UKCISA, ƙungiyar da ke ba ɗaliban ƙasashen waje shawara kan biza. Lokacin hutu an yarda ka yi cikakken aiki, nan ne za ka rage bashi, sai dai ka karɓi ranakun hutun a rubuce daga makaranta, don ɗan mastas da ke rubuta kundinsa da bazara galibi har lokacin cikin zangon karatu ake lissafa shi. Ka roƙi manajanka ya mayar da kai daren Juma'a da Asabar, ko ka nemi aikin rana a cikin makarantar, laburare ko raka sababbin ɗalibai.

Sai maganar gida, wadda na san ita ce mai nauyin. Ɗana, ɓoyewar nan ba biyayya ba ce. Mama tana karɓar fam 100 da murna ne saboda ba ta san da barcinka da yatsunka aka biya ba, da ta sani wallahi da ba ta taɓa shi ba, uwa ce. Ka kira Baba shi kaɗai, lokacin da yake a natse, ka karanta masa lambobin kamar yadda ka rubuto min, abin da ke shigowa, haya, bashi, da ranar wa'adi. Zai ji ciwo, amma babba ne, yana da mutanen da kai ba ka da su, kuma gara ya ji yau da sauran lokaci da ya ji ranar da aka rufe maka shafin makaranta. Fam 100 ɗin ka dakatar da shi ka mayar kan bashin. Ƙanne da abokai kalma ɗaya ta ishe su, karatu nake yi, ban fara aiki ba tukuna. Wanda zai yi fushi ya yi.

In ka gama lafiya akwai bizar da ake ba waɗanda suka kammala su zauna su yi cikakken aiki, amma sai wanda ya ci jarrabawarsa kuma makaranta ta shaida. Allah ya yaye maka. Ka sake rubuto min bayan ka fito daga ofishin kuɗin, ina son jin yadda kuka yi da fam 4,000 ɗin.

Antinku