Sakkwato zuwa Yola a jirgi: kada awa ɗayan nan ta ruɗe ki

Salamu alaikum 'yan uwa. 'Yar uwa da kika tambayi nisan Sakkwato zuwa Yola a jirgin sama da awa nawa ake yi, don kina son ki tashi Juma'a ki riski bikin ƙaninki ranar Asabar, wallahi ina karantawa gabana ya faɗi. Irin lissafin nan na taɓa yi.

Kai tsaye nisan ya kusa kilomita 900, jirgi zai cinye shi kafin awa ɗaya da rabi. To amma wa zai kai ki kai tsaye? Lokacin da na yi tafiyar sai an sauka Abuja an canja jirgi. Sakkwato zuwa Abuja kusan kilomita 490 ne, Abuja zuwa Yola kusan 570, kowanne kamar awa guda a sama. Zaman jira a ƙasa shi ke cinye wunin.

Ni da hunturu na tafi, mahaifiyarmu na kwance rai a hannun Allah. Hazo ya rufe Sakkwato ruf, jirgin da zai ɗauke mu ma bai baro Abuja ba, don matuƙi ba ya sauka inda ba ya ganin titin jirgi. Wannan ba laifin kowa ba ne. Abin da ya ƙona min rai yarinyar da ke kan tebur ce. Tana taunar cingam tana latsa waya, ko ɗago kai ba ta yi, sai "Hajiya ki jira sanarwa." Na ce mata uwata ce ba lafiya, ki gaya min gaskiya zai zo ko ba zai zo ba, in san abin yi. Ta ɗaga kafaɗa. Ta ɗaga min kafaɗa fa! 'Yar da na haife ta. Sai bayan magariba muka sauka Abuja, na Yola ya tashi tuntuni. Kamfani daban ne, suka ce ba ruwansu, sai na ƙara kuɗi a mayar da ni na gobe. A kujerar ƙarfe na kwana, jaka a cinya, sanyi har cikin ƙashi. Da asuba yayana ya kira, kafin ya yi magana na gane. An kai ta makwancinta ina sama. Allah ya ji ƙanta. Ita kuwa yarinyar can, na bar ta da Allah.

Don Allah ki tashi Laraba, in ta ƙi Alhamis. In da hali ki yanki tikitin duka biyun a kamfani ɗaya, kuma na safe, don in ya makara kina da sauran rana. Ankonki da sarƙoƙinki su zauna a jakar hannu, akwati yana iya tsayawa Abuja ke kina Jimeta. Ki riƙe kuɗin kwana, masauki kusa da filin jirgin Abuja ba arha, gari kuma da nisa. Caja da ɗan kilishi kada ki manta, abincin wurin tsada kamar me.

Masu cewa ki bi mota, ni ban ba ki shawarar hanyar Gusau ba, balle da dare. Wane wata ne bikin? In Disamba ne ko Janairu, ki ƙara kwana ɗaya a kan abin da na faɗa.