Fim Ɗin Ted Bundy: Ina Gaskiya, Ina Ƙari?

Tambaya: Malam, mun kalli fim ɗin Ted Bundy na 2019 a wani gidan kallo a ƙauyenmu, kusa da Ringim. Gardama ta kaure, wasu na cewa duk shiri ne. Da gaske haka ta faru?

Amsa: Ɗan'uwa, ƙashin labarin gaskiya ne. Bundy, Ba'amurken da ya yi ta kashe mata, ya tsere daga hannun hukuma sau biyu a jihar Kolorado ta Amurka a 1977: da farko ya diro ta tagar ɗakin karatu na kotu, daga baya ya sulale ta rufin ɗakin da aka tsare shi. Shari'arsa ta 1979 a Miyami an nuna ta a talabijin, kuma shatin haƙoransa a jikin ɗaya daga cikin matan da ya kashe na cikin hujjojin da suka kama shi.

Amma a fim ɗin an sauya tsarin lokaci. Auren da ya ƙulla a gaban alƙali, an yi shi ne a wata shari'ar daban ta 1980, wadda aka yi masa kan kisan yarinya 'yar shekara 12. Fim ya dawo da shi cikin ta 1979 don a taƙaita. Wurin da aka nuna shi a fim ɗin yana rubuta kalma a jikin gilashi kuwa ƙirƙira ce.

Abin da ya fi damuna shi ne an cika nuna fara'arsa da iya bakinsa, matan da ya hallaka kuma sai sunayensu a ƙarshe. Mutum ne da ya amsa kashe mata 30 kafin a zartar masa da hukuncin kisa ranar 24 ga Janairu, 1989.