Waken Lima ya yi ganye, fure na zubewa: kada ki tuge shi

Assalamu alaikum, 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Ƙanwata, tun jiya na saurari saƙonki, sai yanzu na samu sukuni. Ki yi haƙuri, muryar za ta ɗan yi tsawo, don maganar ba ta rubutu ba ce.

Ga waɗanda ba su ji nata ba, cewa ta yi ta shuka waken Lima a ɗan lambunta na bayan gida, irin mai hawa ɗin nan, yau wata biyu ke nan. Ganye ya yi shar ya lulluɓe sanduna, fure yana fitowa, amma sai ya yi ta kaɗewa yana zuba ƙasa, ko kwanso ɗaya ba ta gani ba. Shi ne take tambaya ko ta tuge ta sa wani abu a wurin.

Don Allah kada ki tuge. Kin ga, waken nan iri biyu ne. Akwai gajere da ke tsayawa da ƙafarsa, shi cikin kwana 65 zuwa 80 ake fara tsinka. Mai hawa kuwa, irin naki, yakan kai kwana 85 zuwa 100. Wata biyu kwana 60 ne fa. Bai makara ba ko kaɗan. Kuma in ya fara bayarwa, ya fi gajeren daɗewa yana bayarwa nesa ba kusa ba.

Amma zubewar furen, wannan akwai dalili, kuma ina kyautata zaton na san shi. Wane taki kika sa? Don yadda kika siffanta ganyen nan, manya-manya, kore shar, raina ya ba ni kin ciyar da shi fiye da kima. Wake ba kamar sauran kayan lambu ba ne. In kika tona saiwarsa a hankali za ki ga wasu 'yan ƙulle-ƙulle kamar ƙuraje manne a jiki. Ba cuta ba ce. Wasu ƙananan halittu ne ke zaune a ciki, suna jawo sinadarin naitirojin daga iska suna ba shi. Wato da abincinsa yake zuwa. To in kika zo kika ƙara masa yuriya, ko ɗanyen kashin kaji, sai ya ga banza ta faɗi, ya zuba duk ƙarfinsa a ganye da reshe, ya manta da 'ya'ya. Ni ma haka ta faru da ni shekarar da na fara. Kashin kaji na zuba, ina ganin gata na yi masa. Na samu inuwa mai kyau, amma abin da na tsinka bai cika tafin hannu biyu ba, kuma abin ya yi min ciwo sosai, don na sha wahala a kansa. Saboda haka daga yau ki dakatar da duk wani taki. Ruɓaɓɓen takin da aka cakuɗa da ƙasa tun kafin shuka ya ishe shi.

Sai zafi. Wannan ba laifinki ba ne. Waken Lima yana son ɗumi, amma in rana ta wuce digiri 32, musamman in iska ta bushe, furen ba ya kamawa, faɗuwa yake yi. Ya fi jin daɗi tsakanin digiri 21 zuwa 27. In haka ne yanayinku yanzu, ki jira kawai, da zarar an ɗan samu sassauci zai sake sabon fure kuma zai kama. Kafin nan ki shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko busasshen ganye a gindinsa, kaurin yatsu uku zuwa huɗu, ƙasar ta riƙe sanyi da laima. Ban ruwan kuma ya zama a tsare. Abin da ya fi cutar da shi lokacin fure shi ne yau a bar shi da ƙishi, gobe a malale shi. Ki cusa yatsa a ƙasa zuwa gaɓa ta biyu, in kin ji a bushe ki ba shi sosai, da safe, a gindi. Kada ki watsa a kan ganye da fure. Kuma in ganyen na jiƙe da raɓa ko ruwan sama, ki bar shiga cikinsa har ya bushe, don hannu da tufafi ne ke ɗaukar cutar da ke sa ganye tabo-tabo daga wannan tsiro zuwa wancan.

Af, na ga Anti ma ta rubuto a ƙasa cewa nata ko tsirowa bai yi ba. Anti, sau da yawa ruɓewa irin ke yi a cikin ƙasa. In ƙasa ta yi sanyi, ƙasa da digiri 18, ko ruwa yana kwanciya a wurin, ba zai fito ba. A ɗaga kunya, a sa shi zurfin santimita 3 zuwa 4 kawai, a bar santimita 15 zuwa 20 tsakani in mai hawa ne. Kada a kwana da shi a ruwa wai don ya yi saurin fitowa, ƙwayar tana da girma, tsagewa take yi. A ba shi mako ɗaya zuwa biyu. Sandunan kuma a kafa su tun ranar shuka, masu tsawon mita 2 ko fiye, masu ƙwari, don in aka bari sai ya girma, saiwar ake sokewa. Ba ya kuma son dashe, a shuka shi inda zai zauna. Wanda wurinsa ke da zafi ƙwarai ya nemi mai ƙananan ƙwaya, kamar wanda ake kira Henderson, ya fi masu manyan ƙwaya juriya.

To ƙanwata, idan Allah ya sa ya kama, za ki ga kwanson fale-fale ne, ya ɗan lanƙwasa, ƙwaya biyu zuwa huɗu a ciki. In ɗanye kike so, ki tsinka sa'ad da kika taɓa kika ji ya cika, yana nan kore. Ki riƙa tsinka a kai a kai, don in kika bar su suka tsufa a jiki, sai ya ɗauka ya gama aikinsa ya daina fure. Na iri kuma ki ware wasu su bushe a jikin uwar har sai kin girgiza kin ji suna ƙara.

Akwai magana ɗaya da nake roƙon kowa ya riƙe, musamman masu yara. Ba a cin waken nan ba a dafa ba. Yana ɗauke da wani sinadari da ake kira linamarin, wanda ke rikiɗewa ya zama gubar sayanayid idan an tauna. Yawanta ya bambanta daga iri zuwa iri, farare da ake sayarwa don shuka sun fi ƙarancinta, amma kada a dogara da wannan. A jiƙa busasshen, a zubar da ruwan, a tafasa shi sosai cikin ruwa mai yawa, tukunya a buɗe, har ya nuna lugub. Ɗanyen ma sai an dafa. Yara suna son ɓare kwanso su jefa a baki, a sa musu ido.

Wata ta tambaya ko sunan daga ina. Daga birnin Lima ne, babban birnin ƙasar Peru, don a yankin nan na Kudancin Amurka an yi dubban shekaru ana nomansa.

Ƙanwata, abu ɗaya ya rage. Ki juya ganye biyu ko uku ki duba bayansu, da kan sabon toho. In kin ga 'yan ƙananan ƙwari sun taru cunkus, ganyen yana danƙo a hannu, darɓa ce, ita ma tana sa fure ya zube. Ki wanke su da ruwa mai ɗan ƙarfi da sassafe, yadda ganyen zai bushe kafin rana ta take. Ki ɗauko min hoton bayan ganyen da na gindin, ki kuma faɗa min takin da kika sa da ranar da kika sa shi. Ina nan zuwa dare, in sha Allahu zan duba.