Hukuncin maimaita man suya har ya yi baƙi

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ni mai suyar awara da ƙosai ce a bakin wata makarantar firamare. Saboda tsadar mai ina sayen sauran man suya a wani gidan abinci da araha, sai in haɗa da sabo kaɗan dan ya yi haske kar masu saye su ga baƙinsa. Ƙanwata da ke karatun jinya tace yana cutarwa, amma wani malami a unguwarmu yace ba komai tunda Annabi (SAW) ma ya ci kitse mai wari. Dan Allah ina da laifi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Baiwar Allah, Allah ya sa albarka a neman halal ɗinki. Da tambayarki ta tsaya a kan maimaita mai sau biyu ko uku a gida da na ce ba laifi na wuce, man ba najasa bane, wannan ba saɓani. Amma ke da bakinki kika ce "kar masu saye su ga baƙinsa", toh nan hukuncin ya canza. Kin san aibin, kin san in sun gani ba zasu saya ba, sai kika rufe shi. Wannan algus ne kuma haramun ne ko da ace man baya cutar da kowa, hadisin "wanda ya yi mana algus baya cikinmu" kin san shi tun a islamiyya.

Kuma ƙanwarki gaskiya ta faɗa miki. Kinga yadda iska ke cin ƙarfe ya yi tsatsa, haka iskar oksijin ke cin mai, zafi kuma ya ƙara mata gudu, ga ƙarfen kasko da gishiri da burbuɗin ƙosan da ya ƙone a ƙasa duk suna taimakawa. Kitsen sai ya farfashe ya zama wasu sinadarai da ake kira aldehaid, ɗaya daga cikinsu shine yake sa ki hawaye da tari in man ya fara hayaƙi. Irin wannan lalacewar tana faruwa har a kitsen da ke cikin jikin mutum, tana taɓa fatar ƙwayoyin halitta, kuma kolestarol ɗin da ya lalace ta haka shine ke maƙalewa a bangon jijiyar jini tana tsukewa a hankali har a kai ga ciwon zuciya ko shanyewar ɓarin jiki. Ba guba bace da za a ci yau a faɗi gobe, shi yasa ake raina ta. A Indiya tun 2018 hukumar abinci ta hana suya da man da lalataccen ɓangarensa ya wuce kashi 25 cikin 100. Sannan sabon da kike zubawa a kai baya gyara tsohon, tsohon ne ke jan sabon su lalace tare.

Yanzu maganar malamin unguwarku, Allah ya saka masa, hadisin da ya kawo ingantacce ne yana cikin Bukhari, Anas ya kai wa Annabi (SAW) gurasar sha'ir da narkakken kitse wanda warinsa ya canza. Amma ya ɗora shi inda ba wurinsa ba. Anas ya kawo labarin ne yana nuna ƙuncin rayuwar gidan Annabi, a cikin hadisin ma yake cewa sulkensa na jingine a wajen wani Bayahude saboda sha'ir ɗin da ya karɓo wa iyalinsa. Abinda malamai suka ciro daga nan shine canjin wari kaɗai baya haramta abinci, kuma su ɗin dai suka sa sharaɗin in babu cutarwa. Toh kitsen da ya kwana biyu a ajiye ya ɗan canza, ina haɗinsa da man da aka tafasa safe da yamma sati guda a gidan abinci har su da kansu suka ga bazai yi musu ba suka sayar miki? Kuma wancan kyauta aka kawo, mai ci yana gani yana jin warin, ba wanda aka ɓoye wa komai. Naki ciniki ne, masu sayen kuma yara ne 'yan firamare da suke ci kullum da kuɗin tara, ba su san mai mai kyau da marar kyau ba, iyayensu ma basu gani. Mutum ya haƙura ya ci abu a kansa daban, ya ciyar da ɗan wani ya karɓi kuɗi daban. Ni ina mamakin yadda ake tuno wannan hadisin a manta da hadisin "la darara wa la dirar", wato ba cuta ba cutarwa.

Abinda nake baki shawara, ki daina sayen wancan man daga yau. Naki na kanki ki tace shi kullum bayan ya huce, ki rufe a jarka ki ajiye inda rana bata bugunsa, kar ki bari wuta ta yi yawa har ya dinga hayaƙi. Da kin ga ya fara kumfa, ya yi kauri yana danƙo ko yana maƙaƙi a maƙogwaro toh ya gama aiki, ki ba masu haɗa sabulu, ba asara kika yi gaba ɗaya ba. In riba ta ragu ki rage girman awarar ko ki ƙara kuɗi a fili, wannan halal ne ba mai cewa komai. Abinda ya wuce ki yi istigfari, in da hali ki ɗan yi sadaka.

Ki kula da kanki ma, ke ce kike zaune a kan hayaƙin nan awa uku huɗu kullum, ki dinga zama ta inda iska ke kore shi, in kina da goyo ki sauke shi nesa da kaskon. Kuma ki ce ƙanwar taki ta riƙa auna miki hawan jini lokaci lokaci.

Wallahu a'alam.