Tambaya da Amsa: Me Ake Zuwa Gani a Wasan Gwanin Ukulele?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Wata abokiyar aikina ta gayyace ni wasan wani makaɗin ukulele da ake cewa gwani ne, kuma an ce shi kaɗai zai hau dandamali ya yi sama da awa guda yana kiɗa. Da na duba hoton abin kiɗan, sai na ga kamar ƙaramar jita ce ta wasan yara, mai tsirkiya huɗu kacal. Anya akwai abin da za a fitar daga cikinta da zai zaunar da jama'a tsawon wannan lokaci? Kuma tun da bidiyon makaɗin yana intanet, me zan ƙaru da shi idan na je? Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Shawarata ita ce ki amsa gayyatar, domin ƙanƙantar da kika raina ita ce take tona ko makaɗi gwani ne ko ɗan koyo.

Ba ke kaɗai kika yi mata wannan kallo ba, kuma akwai dalili. Ukulele ta samo asali ne a tsibiran Hawaii, bayan da jirgin ruwa mai suna Ravenscrag ya sauke baƙi daga tsibirin Madeira na ƙasar Fotugal a Honolulu a shekarar 1879. A cikinsu akwai masassaƙa uku, Manuel Nunes da Augusto Dias da José do Espírito Santo, waɗanda suka fara ƙera ta bisa fasalin ƙananan kayan kiɗan garinsu. Sarki Kalakaua ya karɓe ta a fadarsa, sannan baje kolin da aka yi a San Francisco a 1915 ya watsa ta a Amurka. Sai dai a shekarun 1950 aka cika kasuwa da na roba masu araha, kuma wannan yana cikin abin da ya ja mata sunan kayan wasan yara.

Abin da ya kamata ki sani kafin ki shiga zauren shi ne irin ƙuncin da makaɗin yake aiki a ciki. Jita tana da tsirkiya shida, ukulele huɗu, kuma a ɗaurin da aka fi sabawa da shi, tsirkiyar da ke can sama, wadda a jita ita ce mafi kaurin murya, siririyar murya gare ta. Saboda haka babu wani amo mai kauri da zai tallafi waƙa daga ƙasa. Ƙari a kan haka, cikinta ƙarami ne, tsirkiyoyinta na leda ne, don haka da an taɓa sauti sai ya mutu nan da nan. Gwani kuwa dole ne ya fitar da karin waƙar, da rakiyarta, da bugun da ke riƙe ta, duka a lokaci guda. Idan yana son sauti ya daɗe, sai ya riƙa kaɗa yatsa a kan tsirkiya da saurin da kunne zai ji kamar amo ɗaya ne ake ja. Idan yana son ganga, sai ya danne tsirkiyoyin da tafin hannu ko ya ƙwanƙwasa jikin katakon. Jake Shimabukuro, wanda aka haifa a Honolulu a 1976, mahaifiyarsa ta fara koya masa tun yana ɗan shekara huɗu, da irin wannan aiki ya yi suna bayan da bidiyonsa ya bazu a YouTube a 2006. Kafin shi ma an yi irin su Eddie Kamae da Herb Ohta, waɗanda suka nuna cewa za ta iya tsayawa ita kaɗai ba tare da mawaƙi ba.

Game da bidiyo, abu biyu ne ba ya kawo miki. Na farko, lasifikar waya tana daidaita ƙara, ta mai da raɗa da tsawa kusan abu ɗaya, alhali rabin gwanintar tana cikin wannan tazara: makaɗin zai sauke sautin har ki ji gogar farcensa a kan tsirkiya, zauren ya yi tsit, sannan ya saki hannu gaba ɗaya. Na biyu, kyamara ce take zaɓa miki abin da za ki kalla, kuma sau da yawa hannun da ke danna wuyan ukulele take bi. Ni kuwa ina ganin hannun da ke kaɗawa ya fi cancantar idonki. Ki lura da yadda babban yatsa yake fitar da amo mai taushi, yadda farce yake fitar da mai kaifi, da yadda sautin yake canzawa idan hannun ya matsa daga wuya zuwa ƙasan ciki.

Kada sauri ya ruɗe ki, ko da yake shi ne yake tayar da tafi. Kiɗa mai sanyi, wanda kowane sauti yake fita a fili kuma babu inda kuskure zai ɓuya, a nan ake gane wanda ya iya. Idan kina da zaɓin wurin zama, ki nemi tsakiya, kusa yadda za ki ga yatsunsa, amma nesa da manyan lasifikoki, tun da a babban zaure ana haɗa ukulele da na'urar ƙara sauti. Ki kashe ƙarar wayarki, kuma idan ya zo ƙarshen kiɗa mai sanyi, ki jira ya sauke hannunsa kafin ki yi tafi, domin yawancin makaɗa suna ƙidaya mutuwar sautin ƙarshe a cikin kiɗan.